Na ciro faifan kwastoma, folda ta ce ba ni da izini

Yaron Shago: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a agaza mini, Oga ya tafi Legas sayen kaya, wayarsa a kashe. Wata baiwar Allah ce ta kawo laftof jiya da yamma, Windows 10 Pro ne a kai. An kawo wuta da ƙarfi caja na jiki, tun daga nan ko fitila ba ta kamawa. Na gwada wata cajar, shiru, bod ne ya tafi, wato babban allon cikin injin. Ita ba injin ne ya dame ta ba, aikin digirinta na biyu ne a ciki, kuma Litinin za ta ga malaminta. Na ciro faifan ajiyar na sa a akwatin USB, na jona a kwamfutar shago, ya fito da harafin E. Komai yana buɗuwa, amma da na shiga Users na taɓa foldar da ke ɗauke da sunanta sai aka ce ba ni da izini. Ga maɓallin Continue nan, ina tsoron dannawa. Ya zan yi?

Sarkin Fomatin: Wa alaikumus salam. Wannan har abin tambaya ne, yaro? Buɗe cmd, tagar rubuta umarni, a matsayin admin, ka rubuta takeown /f E:\ /r /d y, ka bar shi ya gama karɓe maka mallakar komai a faifan. Daga nan icacls E:\ /reset /t, ya share tsofaffin izinin. Tafi ka sha shayi ka dawo, za ka tarar da komai a buɗe kamar ƙofar masallaci.

Yaron Shago: Na gode Oga Sarki, na sa yanzu.

Mai Kafe: Ni Continue kawai nake dannawa, ban taɓa ganin illa ba.

Yaron Shago: Na farkon ya gama, ya ɗauki kusan minti 40. Na sa na biyu, rubutu sai gudu yake.

Baba Injiniya: Tsaya. Danna Ctrl da C yanzu, kafin ka ƙarasa karanta wannan saƙon. Sannan ka faɗa mini layin ƙarshe da ya tsaya a kai.

Yaron Shago: Na tsayar Baba. Ya tsaya a cikin ProgramData. Na yi ɓarna ne?

Baba Injiniya: Ka yi, amma da sauran dama. Yana bin haruffa ne a jere, ya wuce Program Files, bai kai Users da Windows ba. Sarki, kai kuma Allah ya shirye ka. Yaron ya ce folda ɗaya ta ƙi buɗuwa, kai ka sa shi ya bi faifan mutane gaba ɗaya. Wannan ai gyaran gangar Abzinawa ne.

Sarkin Fomatin: Baba da girmanka, shekara nawa ina wannan aikin, haka nake yi kullum. Kwastoma bai taɓa dawo mini da kuka ba.

Baba Injiniya: Ta ina zai dawo, tunda kai kana gama kwashe fayil sai ka goge faifan ka zuba sabon Windows? Sunanka ma ya faɗa. Wannan faifan kuwa in bod ya gyaru, komawa zai yi cikin injinsa ya tashi da shi.

Ɗana, saurara in faɗa maka abin da ya hana ka shiga, don gobe kada ka sake tsorata. Tsarin da Windows ke jera fayil da shi a faifai, NTFS, tun 1993 yake, kuma kowace folda tana ɗauke da abu biyu: wane ne mai ita, da jerin waɗanda aka yarje wa da abin da aka yarje musu. To amma ba suna ake rubutawa a jerin ba, lamba ce doguwa da ake kira SID, mai farawa da S-1-5-21, ta ƙare da wani abu kamar 1001. Kowane Windows da aka zuba yana ƙirƙiro tasa lambar. Ko da za ka buɗe asusu a kwamfutar shago da sunanta sak, harafi da harafi, lambar ba za ta zo ɗaya ba. Shi ya sa in ka leƙa shafin Security za ka ga wata doguwar lamba an ce ba a san asusun ba. Ita ce matar.

Ga inda mutane ke kuskure. A jerin foldar kowane mai asusu, uku ne a ciki tun asali: shi mai asusun, da SYSTEM, da ƙungiyar Administrators. Lambar wannan ƙungiya kuwa ɗaya ce a duk kwamfutocin duniya, S-1-5-32-544. Ma'ana kai da kake admin a kwamfutar shago, sunanka na cikin jerin tun kafin ka taɓa komai. Abin da ya faru shi ne tun daga Windows Vista, ko kai admin ne, tagar da kake buɗe foldoji da ita tana aiki ne da ƙaramin matsayi, kamar hakimin da ya fito kasuwa ba rawani. Shi ya sa mai gadi ya tare ka. Da ka buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta dir kawai, da ka ga fayilolinta a jere.

Yaron Shago: Innalillahi. Wato ƙofar a buɗe take na ɗauko gatari.

Mai Kafe: To Baba shi Continue ɗin fa? Kar ka ce mini shi ma laifi ne.

Baba Injiniya: Ya fi na Sarki sauƙi nesa ba kusa ba, amma shi ma rubutu yake yi. Yana ƙara asusunka a jerin foldar da duk abin da ke ƙarƙashinta, kuma ba ya gogewa bayan ka gama. In fayil dubu hamsin ne, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A lafiyayyen faifai ba komai. A faifan da ya fara ƙara ko ya sha faɗuwa, wannan zagayen na iya zama na ƙarshe da zai yi.

Anti Mai Linux: Sannunku. Yanzu na fito daga aji na ga zaure ya cika. Ƙanena, kafin komai duba lafiyar faifan da CrystalDiskInfo, tunda wuta ce ta buge injin. In ya nuna shuɗi, alhamdulillahi. In rawaya ne, kada ka ƙara yi masa komai sai ka ɗauki hotonsa gaba ɗaya, wato kwafinsa sak, zuwa wani faifan, ni da manhajar ddrescue nake yi.

Kuma wata tambaya. Lokacin da takeown ke gudu, ka lura da layuka masu Documents and Settings?

Yaron Shago: Shuɗi ne Anti. Eh na gani, har na yi mamaki da na ga sunan Oga a cikin layukan, alhali faifan matar ne.

Anti Mai Linux: To ka ga irinta. Wannan ba folda ba ce ta gaske, alama ce mai nuna hanya, an bar ta don tsofaffin manhajojin zamanin XP. Kuma adireshin da ke cikinta C:\Users ne. A injin matar C nata ne, amma a teburinka C na Oga ne. Umarnin ya bi alamar ya tsallaka katanga ya shiga gidanku. Da gangan Microsoft suka sa wa irin waɗannan alamomi hani, har da Application Data da ke cikin foldar kowa, don kada manhaja ta shiga ta yi ta zagaye a wuri ɗaya. Mutum ya ga an hana shi sai ya ɗauka lalacewa ce.

Sarkin Fomatin: To ai ba abin da ya samu kwamfutar shagon, ko ta mutu?

Yaron Shago: Tana aiki dai. Da asusun Oga nake ciki dama.

Anti Mai Linux: Shi ya cece ka, mallakar ta koma hannun mai ita. Amma ka faɗa masa in ya dawo.

Na Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa. In ƙara wani abu saboda mutanenmu na nan Nijar da ke cikin zauren. Mu injinan da ke zo muna galibi Windows ɗin Faransanci ne. Wannan /d y da Sarki ya rubuta ba ya ci a nan, sai ka sa /d o, saboda eh ɗinsu da o take farawa. Haka sunan ƙungiyar, Administrateurs ne, in ka kwafo umarni daga intanet da sunan Ingilishi sai ya ce bai san shi ba. Dabarar da ni ke yi, in sa tauraro da lambar da Baba ya faɗa, *S-1-5-32-544, wannan kowane harshe yana jin ta. Yarana biyu sun sha wahala kan wannan kafin mu gane.

Baba Injiniya: Madalla da Na Maraɗi, wannan ni ma ban taɓa cin karo da shi ba sai a bakinka.

Yanzu ɗana ga abin da za ka yi. Samo wani faifan mai sarari, mu ce ya fito da D. A cmd na admin rubuta:

robocopy E:\Users\sunanta D:\Ajiya /E /B /XJ /R:1 /W:1

/E ya kwaso har foldojin ciki. /B shi ne sirrin, yana amfani da ikon da Windows ya ba masu ɗaukar ajiya, ya karanta fayil ba tare da ya tambayi jerin izini ba, kuma ba tare da ya canza shi ba. /XJ ya tsallake alamomin da Hajiya Mai Linux ta yi bayani. Na ƙarshen biyu kada ka manta da su, domin in ka bar shi da halinsa, fayil ɗaya ya ƙi, zai sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Sai ka yi furfura a gabansa. Kuma ba ya ɗauko tsohon jerin izinin, fayilolin za su gaji na inda suka sauka, ko'ina ta kai su za su buɗu.

Mai Kafe: Me zai hana ya zuba mata a filashi kawai? Filashi ba ruwansa da izini.

Anti Mai Linux: Gaskiya ne, FAT32 da exFAT ba su san mai fayil ba balle jerin izini. Sai dai FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gig 4, in tana da bidiyon biki zai tsaya. Ni da ni ce ma ba zan jona faifan a Windows ba tun farko. In tashi kwamfuta da Ubuntu daga filashi, in buɗe faifan a yanayin karatu kaɗai, in kwafa. Linux ba ya kula jerin izinin NTFS sai ka sa shi. Ba rubutu ko ɗaya a kan kayan mutane.

Sarkin Fomatin: Kun ji ta, kowace magana sai ta kawo Linux. Ko ciwon kai ka ce kana yi, Ubuntu za ta rubuta maka.

Anti Mai Linux: Mu ma muna da irinka ai, masu chmod 777 a kan komai, su buɗe wa kowa kowane fayil. Duk dangi ɗaya ne ku.

Yaron Shago: Alhamdulillahi ya gama, gig 61. Amma a ƙasa ya nuna fayil 23 sun ƙi. Duk a folda ɗaya suke, cikin Documents, kuma sunan foldar shi ne taken aikin nata. Na duba, ina da cikakken iko a kansu, ni ne ma mai su yanzu bayan takeown. Amma in na buɗe sai a ce an hana. Akwai ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a jikin kowanne.

Baba Injiniya: Wash. Rubuta cipher a cikin foldar, ba tare da ƙarin komai ba. Wane harafi ke gaban sunayen?

Yaron Shago: E ne Baba, duk cikinsu.

Baba Injiniya: To an zo wurin. Wannan ba izini ba ne, EFS ne, kulle na sirri da ke cikin Windows tun na 2000, kuma Pro yana da shi, Home ne ba ya yi. Izini mai gadi ne a bakin ƙofa, in ka fi shi matsayi ko ka zagaya ta baya ka shiga. Wannan kuwa takardar ce kanta aka rubuta da rubutun da ba mai karantawa sai mai mabuɗi. Ka zama mai fayil sau ɗari, ba abin da zai canza. Linux ɗin Hajiya ma a nan ya tsaya.

Anti Mai Linux: Na yarda, a nan ba ni da ta cewa.

Sarkin Fomatin: Sauƙi ne. A mayar da faifan cikin wani injin, a tashe shi da filashin goge kalmar sirri, a shiga asusunta, shi ke nan.

Baba Injiniya: Sarki don girman Allah ka yi shiru na minti biyar. Mabuɗin EFS yana cikin AppData na matar, kuma da kalmar sirrinta aka kulle shi. In ita ta canza kalmar daga cikin asusunta, Windows yana sake kulle mabuɗin da sabuwar. In kai ka goge ta daga waje, za ka shiga asusun, amma mabuɗin yana nan a kulle da tsohuwar. Haka kalmomin sirrin da Chrome ya ajiye mata, su ma su tafi. Garin neman gira a rasa ido kenan.

Ɗana, kira ta. Tambaya biyu: tana tuna kalmar da take shiga da ita? Kuma ta san ta kulle foldar?

Yaron Shago: Na kira. Tana tuna kalmar. Ta ce ƙaninta ne ya yi mata wani abu a foldar bara, saboda yara suna taɓa injin, ita ba ta san me ya yi ba. Na tambaye ta ko ya ajiye mata wani fayil mai ƙarewa da pfx, wato kwafin mabuɗin, ta ce ba ta taɓa jin sa ba. Ta ce in ba ni kalmar a waya, na ce ta bari tukuna.

Mai Kafe: Ka yi hankali da ka ƙi karɓa. Ni wannan ɓangaren ya fi damuna fiye da duk umarnin da kuke ta rubutawa. Akwai wani shago a garinmu, ba zan kama suna ba, yaron shagon ya kwashi hotunan wata daga injin da aka kawo gyara, suka yi ta yawo a wayoyi. Aure ya mutu a kan haka. Tun daga lokacin mata a unguwar suka daina kai injinsu kowane shago sai da ɗan rakiya. Duk wanda ya iya /B ɗin nan na Baba, ba abin da zai ɓoyu gare shi a faifan mutane.

Na Maraɗi: Wallahi haka ne. Ni ƙa'idar shagona, mai kaya shi zauna kusa da ni lokacin kwafi, kuma in rufe nunin ƙananan hotuna, sunaye kaɗai ni ke gani. In an gama, in goge abin da ya rage wurina a gabanshi.

Shugaban Zaure: Tunda an taɓo nan, in tuna wa na Najeriya cewa ban da amana akwai doka. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, akwai kuma dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023. Sannan ku riƙa tambayar kanku wanda ya kawo injin shi ne mai shi? Wanda ya zo da laftof ba caja, ba rasit, bai san kalmar sirri ba, bai san sunan da ke kan asusun ba, yana cewa a buɗe masa, kun san amsar. A zauren nan ba ma koyar da buɗe irin wannan.

Sarkin Fomatin: Shugaba in muka ce sai da rasit ai sai mu rufe shago. Injinan nan rabinsu 'yan gwanjo ne, wa ya ba su rasit? Kuma mutum nawa ne ke manta kalmarsa da gaske?

Shugaban Zaure: Ban ce rasit kaɗai ba. Mai abu yana iya faɗa maka abin da ke ciki kafin ka buɗe. Wannan matar ta faɗi taken aikinta, ta san kalmarta.

Anti Mai Linux: Kuma ku shirya, wannan matsalar ƙaruwa za ta yi. Sababbin injina masu Windows 11 da yawa suna zuwa da BitLocker, kullen sirri na faifai gaba ɗaya, a kunne da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai injin bai ma sani ba. Ka ciro faifan, ba folda ɗaya ba, gaba ɗayansa zai nemi lambobi 48. Suna cikin asusun Microsoft na mai injin, in ya tuna imel ɗin da yaron shago ya buɗe masa ranar da ya saya. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, irin waɗannan za su yi ta zuwa teburinku.

Baba Injiniya: Mu koma kan yaron, dare na yi. Ɗana, kada ka tashi Windows daga ainihin faifan. Ɗauki hotonsa gaba ɗaya zuwa wani, ka ajiye na asalin a aljihun tebur. Nemo injin da ya yi kama da nata, in an samu iri ɗaya ya fi, ka sa kwafin a ciki. Windows 10 yakan tashi a baƙon inji, ya ɗan daɗe yana neman direbobi. Kada ka jona shi da intanet. Ta zo da kanta ta rubuta kalmarta. In PIN take amfani da shi a da, ba lallai ya ci a wani injin ba, ainihin kalmar ake so. Da ta shiga, ku buɗe fayil ɗaya ku gani. In ya buɗu, cipher /d /s: da adireshin foldar zai cire kullen, sannan ka kwafa. In tana son ci gaba da kullewa, cipher /x zai fitar mata da mabuɗin ta ajiye a wani wuri.

Yaron Shago: To ɓarnar da na yi a Program Files fa?

Baba Injiniya: Za ka gan ta. A ciki akwai ɓoyayyiyar folda, WindowsApps, wadda asalin mai ita TrustedInstaller ne, wani asusu na Windows kansa, kuma jerin izininta na musamman ne. Kun share shi. Ina sa ran kalkuleta da manhajar hotuna da Store za su ƙi tashi. Mallaka ana iya mayarwa da icacls /setowner, amma jerin da /reset ya goge ba ya dawowa sai in an ajiye shi tun farko da icacls /save, ku kuwa ba ku ajiye ba. Maganinsa a sake zuba Windows a kan na ciki tare da zaɓin barin fayiloli, in ya ƙi a yi sabo fil. Wannan sai bayan aikinta ya fita, kuma sai Oganka ya dawo.

Sarkin Fomatin: Kun gani? An zagaya an zagaya, a ƙarshe dai fomatin za a yi.

Yaron Shago: Barkanmu da safiya. Maƙwabcinmu ya ara mini inji irin nata. Ya tashi da kwafin, ta zo da mijinta wajen ƙarfe 10, ta sa kalmarta, babi na ɗaya ya buɗu, har ta yi hawaye. Duka 23 sun fita, na zuba mata a filashi biyu, na goge na wurina a gabansu. Kalkuleta da hotuna ba sa buɗuwa kamar yadda Baba ya ce, suna walƙiya su ɓace. Na faɗa musu gaskiya cewa daga hannuna ne. Mijin bai ce komai ba, ya dai tambayi kuɗin bod.

Saura abu ɗaya. Faifan da na yi kwafin a kai sabo ne na ciro daga kwali a cikin kayan Oga. Ita zan caja, ko daga kuɗina zai fita?

Mai Kafe: Tura wa Sarki lissafin.

Sarkin Fomatin: Goge shi ka mayar cikin kwalin, wa zai sani?

Baba Injiniya: CrystalDiskInfo zai sani, yana ƙirga awannin da faifai ya yi a kunne. Oganka yaushe zai sauka?

Yaron Shago: Gobe da Azahar, in Allah ya kai mu.